GIDAN MAN KAWU SALVU

Shafi na 23

Masu ƙorafin na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, mura ce ta kwantar da ni. Ga na yau, na ɗan tsawaita muku shi.

Ranar Juma'ar da za a sa hannu a takardar haya, Sanju ta buɗe gidan man ƙarfe shida saura, kamar yadda ta saba. Shekara goma sha tara tana murɗa makullin ƙofar nan a matsayin ma'aikaciya. Yau in an sa hannu, ita da mijinta Parmesh ne za su riƙe wurin har shekara goma: famfunan mai shida, shago, da ɗan garejin da ke gefe. Fili zai zauna a hannun mai shi, Kawu Salvu Bugeja, amma makulli ya zama nasu.

Sanyin watan Yuni ya sauka sosai a Melton da ke gefen Melbourne, inda hunturu ke faɗowa a tsakiyar shekara, raɓa ta daskare a kan ciyawar bakin titi. Ta kunna fitilu, ta ɗora injin kofi, ta jera burodi mai nama a akwatin ɗumama abinci. Kafin gari ya gama wayewa magina sun fara layi da a-kori-kurarsu.

Labari ya riga ya zaga gari, don haka duk wanda ya zuba mai ya shigo biya sai ya tsokane ta. Wani kafinta da ya yi shekara goma yana shan kofi a wurin har cire hula ya yi ya rusuna, ya ce tunda an yi sabuwar shugaba ba zai ƙara shigowa da taɓo a takalmi ba. Sanju ta ce masa ko da can ma ba ta taɓa yarda ba, shi ne dai kunnensa ba ya ji. Ya fita yana dariya, ya bar mata sawun taɓo har bakin ƙofa.

Parmesh kuwa tun da suka iso ya kasa zama. Satin da ya wuce ya ajiye tuƙin bas bayan shekara goma sha shida, saboda wannan rana. Ya goge rigarsa har ta yi kaifi, ya ɗauki tsumma ya tsaya a jikin gilashin shago.

"Baban Kavita, sau uku ke nan kana goge gilashin nan. Zai huje."

"Ya huje mana, ai namu ne."

"Bai zama namu ba tukuna. Lauya sai ƙarfe goma."

"To ni tun jiya ya zama nawa a mafarki."

Ta girgiza kai ta koma bayan kantar shago tana murmushi. Ita ma tun asuba zuciyarta ke cike da wani daɗi mai nutsuwa, irin wanda ba ya son a yi ta maganarsa.

Ƙarfe takwas Kawu Salvu ya iso a ƙafa, sanye da tsohuwar rigar sanyinsa, hannunsa riƙe da ledar pastizzi masu zafi, gashin fulawa mai cuku a ciki irin na ƙasarsu. Shekararsa saba'in da shida, tun yana saurayi ya baro Malta, kuma rabin rayuwarsa a gidan man nan ya ƙarar da shi. Ya shafa gefen kantar shagon da hannu har ya kai ga kujerarsa da ke bakin taga, ya zauna. Sanju ta miƙa masa shayi, ta juyo da mariƙin kofin daidai yatsunsa.

Ya tambaye ta ko ta yi barci. Ta ce ta yi. Ya ce ƙarya take, don shi ma ranar da ya fara buɗe wurin nan idonsa biyu gari ya waye. Can ya karkata kai yana saurare, ya ce a faɗa wa mai motar da ke famfo na huɗu ya duba bel ɗinta kafin ta ajiye shi a hanya. Parmesh ya leƙa, ya dawo yana cewa wallahi dattijon nan da kunne yake kanikanci.

Suna cikin haka wata farar mota ta shigo. Ba ta tsaya a famfo ba, bakin shago ta faka.

"Wannan ban san ta ba," in ji Kawu Salvu.

Sanju ta ɗaga kai. Josette ce ta fito, 'yarsa tilo da ke zaune a Sydney, wadda ba a ganinta sai lokacin Kirsimeti. Motar haya ce ta filin jirgi, jakarta ma tana kujerar baya.

Ta shigo ta sumbaci uban a goshi. Sai da ta yi magana ya gane ta, ya miƙe da sauri har shayi ya zuba masa a wando. Murna ta cika fuskarsa, amma ita ba ta saki tata ba. Ta gaida Sanju sama-sama, ta ce tana son magana da ita da uban a ofis, yanzu.

Ofishin ɗan ɗaki ne a bayan shago, tebur ɗaya da kujeru uku da hoton marigayiya Connie, matar Kawu Salvu, a jikin bango. Takardar hayar na ajiye a kan teburin tun jiya. Josette ta rufe ƙofa, ta ƙi zama.

Ta ce a bakin wata 'yar uwarsu ta ji ubanta zai ba da gidan mai haya, ita da ta fito daga cikinsa ba ta isa a faɗa mata ba. Da ta kira maƙwabciyarsa kuwa, abin da ta ji ya hana ta barci. An ce Sanju na da makullin gidansa. An ce ita ke buɗe masa wasiƙu. An ce motarsa ta shekara biyu a lulluɓe, kuma duk Talatar farkon wata Sanju na zuwa ta ɗauke shi a tata, ba wanda ya san inda suke zuwa. Ga kuma wani kamfanin gine-gine da ya rubuto har sau biyu yana son sayen filin, ba a ko ba shi amsa ba.

Ta juyo ta dubi Sanju.

"Ina ganin mutuncinki tun ina makaranta babba. Ki faɗa min, me kika yi wa ubana?"

Sanju ta ji maganar har cikin ƙashinta. Kalma ɗaya ta ishe ta wanke kanta. Amma ta tuna ranar da dattijon nan ya riƙe mata hannu a cikin mota, ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman Josette. Ta dubi inda yake zaune, ta sunkuyar da kai.

"Ban cuce shi ba, Josette. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

"Iyakarsa ke nan?"

"Sauran ba nawa ba ne."

Kawu Salvu ya fara cewa ta zauna tukuna ta ci pastizzi, tafiya ta gajiyar da ita. Ba ta saurare shi ba. Ta ɗauki takardar hayar ta ɗora masa a cinya.

"Baba, karanta min. Shafin farko kawai, da bakinka. In ka karanta ka ce ka yarda da abin da ke ciki, yau zan koma jirgi, ba za ka ƙara jin bakina ba."

 Daga waje ana jin Parmesh yana yi wa wani ciniki.

Dattijon ya ɗaga takardar. Ya matso da ita kusa da fuskarsa, ya nisanta ta, ya karkata kai gefe kamar mai sauraren mota. Ya daɗe a haka. Sanju ta ji kamar ta fizge takardar ta karanta masa, yadda ta saba.

A hankali ya ajiye ta a kan tebur.

"Ba zan iya ba, 'yata."

"Ba ka zo da tabarau ba ne?"

"Tabarau ya daina yi min aiki tun bara waccan."

Sai ya faɗa mata, muryarsa a kwance kamar labarin wani yake bayarwa. Bayan rasuwar uwarta da shekara biyu ya fara ganin layin titi yana lanƙwashewa. Daga nan wani duhu ya zauna masa a tsakiyar ido, duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya ɓace, gefe-gefe kawai ya rage. Ranar da ya kusa take wata mata da keken jariri a bakin famfo na biyu, ranar ya lulluɓe motarsa. Sanju ce ta lura, ta matsa masa har ya yarda aka je asibitin ido a Melbourne. Tun daga nan duk Talatar farkon wata ita ke kai shi a yi masa allura a cikin idon, ta jira shi, ta dawo da shi gida, ta dafa masa miya ta sa a firiji. Makullin gida shi ya ba ta. Wasiƙu shi ke sa ta karanta masa.

Na kamfanin gine-ginen kuwa, ya ce sau bibbiyu ta karanta masa kowacce, har ta dame shi da ya kira 'yarsa su yi shawara kafin ya yanke. Shi ne ya ƙi. Takardun na nan a ƙarƙashin kwanon abincin kyanwarsa, in tana son gani.

Josette ta lalubi kujera ta zauna.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Da kin ji, da kin zo kin kwashe ni. Ki kai ni hawa na goma sha huɗu a Sydney, in zauna ina sauraren na'urar sanyaya ɗaki. Nan kuwa ko ban gani ba na san kowa. Na san tafiyar kowa, na san tarin motar kowa." Ya nisa. "Ga shi lokacin aurenki na tangal-tangal, yara na jarrabawa. Na ce bari in rage miki ɗaya."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta ɗago, Sanju ta kalla, idanunta jawur.

"Kina da lambata."

"Ina da ita. Sau uku ina danna ta, in kashe kafin ta shiga. Ko daidai na yi ko kuskure, har yau ban sani ba."

Josette ta matso da kujerarta. Sai ta miƙa hannu ta ƙetare teburin ta kama na Sanju, ta riƙe shi gam. Wannan riƙon ya ishi Sanju, ba ta nemi wata ban haƙuri ba.

Kawu Salvu ya ce wa 'yarsa ta taso ta tsaya masa a gefen dama, kusa da taga, kada ta tsaya a gabansa. Ta tsaya. Ya kafe idonsa a bango, yana kallonta ta wutsiyar ido. Ya ɗan jima.

"Kin yi furfura."

"Baba."

"Kaɗan dai. Ta yi miki kyau. Uwarki ma ta nan ta fara."

Dariya ta kufce mata tare da hawaye, ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Shi kuma yana shafa gashin nata yana cewa ta bari haka, za ta jiƙa masa wandon da shayi ya riga ya jiƙa.

Ba a ƙwanƙwasa ba ƙofa ta buɗe. Parmesh ne da faranti, shayi mai citta kofi huɗu, roti, gurasar da ake gasawa a kasko, da miyar kabewar da Sanju ta dafa tun asuba, ga pastizzi a gefe. Ya ce shi bai ji komai ba, wucewa kawai ya zo yi. Sanju ta tambaye shi wucewa zuwa ina, tunda ofishin ne ƙarshen gini. Ya ce to shi dai an ce a ci abinci.

Suka ci. Josette, da ta ce ba ta jin yunwa, ita ta cinye roti uku. Tana ci tana tambaya: sunan likitan, wane ido ya fi lalacewa, allurar na da zafi, yaushe ce ta gaba. Sanju ta amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Josette ta ce Talatar allurar da ke tafe ita za ta kai shi. Kawu Salvu ya ce sai dai su je su biyu, don Josette ba ta san inda ake faka mota kyauta ba, kuma tuƙinta tun tana yarinya ba ya kwanta masa a rai.

Daga nan ta goge hannu ta ɗauki takardar hayar, ta karanta ta tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, don uban ya ji. Inda ba ta gane ba ta tsaya ta tambaya. Da ta gama ta ce ba ta ga abin ƙi ba, sai abu ɗaya da ba a rubuta ba.

Parmesh ya daina tauna.

"Kujerarsa ta bakin taga. A rubuta cewa tana nan, kuma tasa ce duk ranar da ya ga dama."

Parmesh ya sauke ajiyar zuciya, ya ce in wannan ne a rubuta har da shayi. Wa zai riƙa faɗa masa motar da bel ɗinta ya kusa tsinkewa in dattijo ya tafi? Kawu Salvu ya ce a rubuta kuma an hana Parmesh taɓa rediyo ranar da ake wasan ƙwallo.

Sanju ta jingina da kujera tana kallonsu. Rana ta fito, haskenta ya shigo ta ƙaramar tagar ya sauka a kan teburin. Nauyin da ta ɗauka ita kaɗai shekara biyu ya sauka, ga wurin da ta ba wa ƙuruciyarta zai dawo hannunta da yardar kowa. Ta tuna 'yarta Kavita da ke jami'a, wadda ta ce a kira ta da zarar an sa hannu. A ranta ta ce ko yau aka tsaya, ta gode.

Goma da 'yan mintuna lauya Petrovski ya iso, ɗan gajere mai sanƙo, wanda ya shirya takardar. Parmesh ya rataya allon "muna zuwa" a ƙofar shago, ya kawo masa kujera daga gareji. Aka gabatar masa da Josette, aka miƙa masa shayi. Ya karɓa, amma bai sha ba. Bai kuma ciro alƙalami ba.

Ya ce su gafarce shi, akwai 'yar matsala. Kafin a yi rajistar haya mai tsawo irin wannan, dole ne a nemo takardar mallakar fili daga ofishin rajista. Ya nema, jiya da yamma ta iso. Filin ba na Mista Bugeja ba ne shi kaɗai. Suna biyu ne a kai, rabi da rabi, kuma ba za a iya sa hannu ba sai da yardar mutum na biyun, ko magadansa in ba ya raye.

Josette ta ce ai mahaifiyarta ce, ta rasu shekara huɗu ke nan, takardun suna gida.

Lauyan ya girgiza kai. Ya ce sunan namiji ne.

Duk suka juya ga Kawu Salvu. Bai yi mamaki ba. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa. 

"Karanta, Petrovski," ya ce. "Ni ba na gani."

Lauyan ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa, yana jan sunan a hankali don bai saba da irinsa ba.

"Munsami Goundar. An yi rajista a shekarar 1989."

Josette ta ce wane ne kuma wannan. Parmesh ya juya ya kalli matarsa.

Sanju ta gane sunan nan take. Lauyan da sunan aurenta ya san ta, Josette ma haka. Goundar shi ne sunan da ta baro Fiji da shi tana 'yar shekara bakwai. Munsami kuwa mahaifinta ne, bakaniken da ya rasu tana da shekara goma sha ɗaya, ya bar su a gidan haya mai ɗaki biyu. Uwarta har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa bai bar musu komai ba sai akwatin sifanoninsa.

Sanju ta miƙe tsaye.

"Kawu, ina ka san babana?"

Dattijon ya kawar da fuskarsa zuwa bango, don ya samu ya gan ta ta gefen ido.

"Zauna, Sanju," ya ce. "Ba ranar da kika zo neman aiki na fara ganinki ba."